Yadda ake kilishi a gida, da yadda ake gyara kayan ciki ranar yanka

Kowace unguwa da tukubarta. Bayan sallar isha'i, in ka hango benci biyu da fitila, hayaƙi na tashi, mutum shida na musun ƙwallo alhali naman mutum ɗaya aka saya, to ka iso. A Kano majalisa muke cewa, a Damagaram da Maraɗi su ce fada. Tawa majalisar tana gaban wani dattijon mahauci da ke tsire da balangu da dare, da rana kuma ya shanya kilishi a bayan gidansa. Yawancin abin da zan faɗa a kan bencinsa na tsince shi, sauran kuma asara ce ta koya mini.

Shekarar da na fara gwada kilishi, naman watanda na samu, wajen kilo 3. Na kashe kuɗi a kan kayan yaji kamar zan buɗe shago, na yanka naman yadda na iya, na shanya. Kwana uku ya fara wari. Na ɗauki yanki ɗaya na kai masa.

"Baba, me na rage a yajin nan?"

Ya ɗaga naman saitin fitilarsa, ya juya shi. "Ɗana, yajinka lafiya lau. Kana ganin hasken fitila ta cikinsa?"

"A'a, Baba."

"To ai ba kilishi ka yi ba, balangu ka shanya."

Tun daga ranar na gane kilishi aikin wuƙa ne da rana, yaji ado ne. Amma kafin a kai ga tsoka akwai abin da ba ya jira, shi ya sa za mu fara da ciki.

Shirin jajibere

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana gobe yanka ka wasa wuƙa biyu, babba ta sara da siririya mai tsawo ta buɗe tsoka. Ka tanadi ruwa mai yawa, fiye da yadda kake zato, don tumbin sa ɗaya kaɗai yana iya cinye jarka biyu. Ka nemi daro uku, gishiri, lemon tsami, gawayi, waya ta gashi, tsohon gidan sauro wankakke, da abin shanya: gadon kara, asabari, ko ragar waya da aka ɗora kan bulo. Kayan yaji ma a daka su tun ranar, don ranar yanka babu hannun da zai samu sarari ya riƙe taɓarya.

Kayan ciki: aikin sa'a biyun farko

Da an farke ciki, agogo ya fara. Kayan ciki suna da ɗumi, suna da laima, ga datti a tattare da su, saboda haka su ke fara lalacewa. Tsoka a rataye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, ta tsane, za ta jira ka.

Ka raba su gida biyu tun a wurin fiɗa. Hanta, zuciya, huhu, ƙoda da saifa daro ɗaya. Tumbi da hanji wani daron daban, nesa da na farko. Kada ruwan wankin tumbi ya taɓa hanta, kada kuma wuƙar da ta farke tumbi ta koma kan tsoka ba a wanke ta ba.

Hanta tukuna. A manne da ita akwai 'yar jaka koriya, matsarmama, wasu su ce maɗaciya. Kama ta ta wuya, ka yanko ta tare da ɗan naman hantar da ke jikinta, kada ka yi rowar wannan ɗan yankin. In ta fashe, duk inda ruwan ya taɓa sai an yanke, wanki ba ya fitar da ɗacin. Sannan ka tsaga hantar ta wurin manyan jijiyoyinta ka duba. Lafiyayyar hanta sumul take, launinta ɗaya. In ka ga jijiyoyin sun yi kauri sun yi fari, ko wata tsutsa mai faɗi kamar ɗan ganye ta fito, ko ƙuraje masu ruwa, ka binne ta, kada ma a jefa wa kare. Huhu ma haka: ka shafa shi da hannu, in ka ji ƙulli masu tauri, ka tsaga ka ga abu kamar cuku a ciki, wannan alamar tarin fuka ce a shanu, kuma mutum na iya ɗauka. Irin wannan sai a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi ya duba sauran naman gaba ɗaya.

In hanta ta fita lafiya, gasa ta nan take, ita ce dama al'adar gidajenmu ranar layya, mai gida ya fara karyawa da ita. Akwai kitsen nan mai kama da raga da ke lulluɓe da tumbi. Ka yanka hantar ƙanana, ka barbaɗa gishiri, ka naɗe kowane yanki da wannan kitsen, ka soke a tsinke. Kitsen na narkewa yana jiƙa ta, ba ta bushewa ta koma kamar gari a baki. Ta dai gasu har ciki, kada a bar jini a tsakiya.

Ƙoda a tsaga ta biyu, a cire farin da ke tsakiya, nan zarnin yake, a jiƙa ta a ruwan gishiri kamar minti 20. Zuciya a tsaga a wanke gudajin jini.

Tumbi shi ne babban aiki. A kai shi can gefe, a haƙa rami, a farke shi a zazzage. A ɗauraye har sau uku kafin ma a fara wankin gaske. Daga nan mutane sun rabu: wasu na son shi da baƙinsa, wasu sai an kankare ya yi fari. Ni ina tare da masu barin baƙin in na rago ne, don ɗanɗanon yana nan, amma na sa gara a kankare. Yadda ake yi: a dafa ruwa ya yi zafi sosai amma kada ya tafasa, a tsoma yanki guda na ɗan lokaci kaɗan, a fito da shi a kankare da cokali, baƙin zai saluɓe. In ruwan ya tafasa ko ya daɗe a ciki, baƙin kamawa yake ya ƙi fita har abada. Ɓangaren nan mai shafi-shafi kamar littafi sai an bi shi shafi ɗaya-ɗaya, yashi da dusa a nan suke ɓuya, kuma su ne ke sa ka ji ƙasa a haƙori kana tsakiyar cin farfesu. A ƙarshe a cuɗa da gishiri da lemon tsami har yauƙin ya tafi. Omo ko sabulu kada su kusanci tumbi, ƙamshinsu ba ya fita.

Hanji a fara tatse shi da yatsu biyu daga wannan baki zuwa wancan. Sannan a ɗura ruwa ta baki ɗaya ya fita ta ɗayan. Na sa yana da faɗi, a juya cikinsa waje da siririn kara a cuɗa da gishiri. Na rago da na akuya siriri ne, ko a tsaga shi a tsaye, ko a yi ta ɗura ruwa har ya fita garau. In an gama, a yanka tumbi kamar faɗin yatsu uku, a sa ɗan kitse a ciki, a naɗe da hanji a soke bakin. Wannan naɗin shi ne abin da yara ke faɗa a kansa a kwano.

Yanzu tafasa. Ruwan farko a zubar da shi bayan minti biyar da tafasowa, da shi ƙarni ke tafiya. A sake sabon ruwa da albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari kaɗan, kimba ɗaya da aka fasa, da gishiri. Tumbi da hanji su fara shiga, don na sa na iya cin sa'a biyu kafin ya yi laushi. Zuciya da huhu su biyo baya, hanta da ƙoda a minti goma sha biyar na ƙarshe. Masu gaggawa na jefa kanwa. Tana sa laushi kam, amma tana kashe ɗanɗano ta kuma sa romo ya yi duhu, ni ban ba da shawara ba. Wanda za a ci yau a ƙara masa attaruhu, daddawa da gyaɗar miya ya zama farfesu. Wanda za a ajiye a tsame shi, ya tsane sarai, a soya shi a cikin kitsen dabbar da aka narkar har kumfar ta kwanta, alamar ruwa ya ƙare ke nan. Duk da haka kayan ciki ba abin ajiya ba ne kamar soyayyar tsoka, a fara cinye su.

Kai da ƙafa a babbake su da itace ko kara. Taya da leda da wasu ke hurawa don sauri guba suke bari a fata.

Zaɓen tsoka da yanka

Naman sa ya fi dacewa, na raƙumi ma ana yi. Na rago yana yiwuwa, sai dai tsokarsa ƙanana ce ga kitse, wahalar ta fi ribar. Cinya ake nema, tsoka zalla. In saya za ka yi a kwata, ce wa mahauci na kilishi kake so, ya san inda zai yanko. Kilo 2 ya isa gwajin farko.

Bi tsokar ka cire kitse, jijiya da farin tantanin da ke bayanta, duka. Kitse ba ya bushewa, shi ne ke fara warin tsohon mai bayan mako biyu. In an yi sa'ar wuta, sa naman a firji ya ɗan ƙame ba tare da ya zama ƙanƙara ba, wuƙa ta fi bin sa.

Yanki guda kamar girman dunƙulen hannu biyu za ka ɗauka. Ka kwantar da wuƙa, ka tsaga shi ta gefe kamar za ka raba biyu, amma ka tsaya kafin ka kai ƙarshe, ka buɗe shi. Sai ka ci gaba da shiga ƙarƙashin ɓangaren da ya fi kauri, kana yanka kana warwarewa kamar mai buɗe naɗaɗɗiyar tabarma. Wuƙa a kwance, hannun hagu na jan naman a hankali. Gwanaye a Agadasawa cikin birnin Kano suna mayar da dunƙule ɗaya shimfiɗa mai tsawon kamu biyu ba tare da ta huje ba. Kai ba gasa kake da su ba. In ka samu faɗin tafin hannu ya wadatar, in ya huje ma babu laifi, hujin ba ya hana daɗi. Kauri ne abin tsoro: kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. Gwajin Baba shi ne gwajin, ɗaga shi saitin haske. Inda ka ga duhu, koma masa da wuƙa, ko ka ɗora a katako ka bubbuga da bayan wuƙar.

Dalili kuwa, kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyar tsoka ruwa ne. Tsere ake tsakanin rana da ƙwayoyin cuta, wa zai riga wani. Siririn yanki rana na gama da shi cikin sa'o'i. Mai kauri kuwa bayansa ya bushe ya rufe, cikinsa na nan da laima yana ruɓewa, kai kana ganin komai lafiya.

Shanyar farko

Shimfiɗa kowane yanki a miƙe, kada wani ya hau wani, a kan abin da iska ke shiga ta ƙasansa, kuma sama da ƙasa yadda ƙura da kaji ba za su kai ba. Faranti da leda ba su yi, gumi suke tarawa. Ka kafa gidan sauro a kai, ya zama bai taɓa naman ba, don ƙuda na iya yin ƙwai ta cikin ragar in ta kwanta a kansa, ƙwan kuma ba ya kwana biyu bai zama tsutsa ba.

Ka fara da hantsi. Bayan sa'a biyu ka ɗaga ka juya, in ba haka ba zai manne da karan ya yage. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take, sa'a huɗu zuwa shida sun isa. Da bazara ma rana na yi. Matsalar ita ce 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa a bakin damina: ta 2024 a tsakiyar Yuni, ta 2025 a farkonsa. Tana dai ja da baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka sauƙi na tafe. In hadari ya haɗo, kada ka tsaya jiran gobe. Hura gawayi, ka bar shi ya zama garwashi mai toka, ka ɗaga wayar sama sosai yadda ɗumi kawai ke isa, ka ƙyafe shi a hankali. Mai oba, wato tanderun gashi na zamani, ya sa ta a mafi ƙarancin zafi, wajen digiri 70 zuwa 80, ya bar ƙofar a ɗan buɗe tururi ya fita. A irin wannan yanayin ina shafa gishiri kaɗan tun kafin shanya, sai in rage na cikin labu.

Ya bushe idan ya yi duhu, ya yi sauƙi a hannu, yana ƙara kamar takarda in ka lanƙwasa, kuma babu inda ya yi sanyi in ka taɓa. In dare ya yi bai kai ba, shigar da shi ɗaki saboda raɓa da kyanwa.

Labu

Labu shi ne kunun gyaɗa da yajin da ake tsoma busasshen naman a ciki. Asalinsa tunkuza, wato abin da ya rage bayan mata sun matse mai daga gyaɗa, kafin a soya shi ya zama ƙuli-ƙuli. In kana da mai yin ƙuli a unguwa, roƙe ta ta sayar maka da tunkuza. In babu, daka ƙuli-ƙuli ka tankaɗe. Ka dai ɗanɗana kafin ka saya: mai ɗaci ko warin fumfuna ka bar shi, gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta, kuma wuta ba ta kashe ta. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa da manta ba ta yi, ba za ta bushe ba.

Na kilo 2 na ɗanyen nama, ga abin da nake sawa: tunkuza rabin kilo, albasa manya biyu, garin citta cokali biyu, barkono cokali biyu ko uku gwargwadon bakin gidanku, masoro cokali ɗaya, kanumfari rabin ƙaramin cokali, kimba biyu ba tare da 'ya'yan ba don suna ɗaci, tafarnuwa ƙwaya biyar, dunƙule huɗu, gishiri, da sukari cokali ɗaya ko dabino huɗu da aka jiƙa aka markaɗa. Kanumfari a yi hattara da shi, kaɗan ya wuce sai kilishi ya koma warin maganin haƙori. A markaɗa albasa da tafarnuwa su yi laushi, a haɗa da sauran, a riƙa zuba ruwan da aka tafasa ya huce ana damawa. Kaurin da ake so na kunun gyaɗa ne mai ɗan kauri: in ka tsoma cokali ya fito a lulluɓe, amma yana ɗiga. Ɗanɗana shi. Gishirin ya tsaya daidai, kada ya fito, don in ya bushe ƙaruwa zai yi.

Jan kilishin da ake gani a kasuwa kala ce ake sawa, ba yawan barkono ba. A Nijar, inda garuruwa irin su Madawa da Tasawa suka yi suna da wannan sana'a, kashi uku suke kasa shi: ja, fari, da rumuzu wanda ba a tsoma shi a labu, mai da garin yaji kawai ake shafa masa. Sun riƙe abin da muhimmanci har a 2023 ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka, ta yi wa kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansa ke ɗaure da ƙasarsa, tare da albasar Galmi. A gida ni fari nake yi. Mai son ja ya daka busasshen tattasai ya zuba, ya fi kalar leda da ba ka san me ke cikinta ba.

Tsoma yankunan ɗaya bayan ɗaya, ka bar su minti goma zuwa ashirin su sha su yi laushi. Ka ɗago, ka share da yatsu ya zama labun ya rufe ko'ina amma bai yi tudu ba. Masu sayarwa a tasha na lafta shi don nauyi, ka sayi kilishi ka tarar ƙuli ka saya. Wasu na manna siraran yankan albasa a kai a wannan matakin, yana kyau, sai dai yana rage kwanan ajiya. Labun da ya rage kada a ajiye shi don gobe, ɗanyen nama ya shiga cikinsa. A zuba shi a miya a dafa yau.

Shanya ta biyu da gashi

A mayar kan gadon kara, a rufe da gidan sauro kamar ɗazu. Wannan karon ƙuda sun fi zuwa saboda zaƙi. Kada ka juya sai saman ya bushe, in ba haka ba labun zai zauna a kan karan. Sa'a uku zuwa biyar a rana mai kyau. In ka shafa yatsa bai ɗauko komai ba, ya yi.

Har yanzu ɗanye ne, kada yara su ɗauka. Rana ta busar, wuta ce ke dafawa. Garwashi ake so, ba harshen wuta ba, don gyaɗa da sukari saurin ƙonewa gare su, in suka ƙone kuma ɗaci. Riƙe tafin hannunka a saitin wayar: in za ka iya ƙirga biyar kafin ka janye, zafin ya yi daidai. Ka ɗora, ka yayyafa man gyaɗa kaɗan, kana juyawa a kai a kai, minti biyar zuwa goma. Za ka ga mai ya tsattsafo yana ƙyalli, ƙamshin soyayyar gyaɗa ya tashi, gefe-gefen ya fara duhu. Sauke. A nan ne maƙwabta ke fara sallama suna tambayar ko lafiya.

Zai fito da laushi, yana hucewa yana ƙamewa. Baza shi a inda iska take har ya huce gaba ɗaya. Kilishi mai ɗumi in aka ƙulle shi a leda gumi yake, gumin nan kuma fumfuna ce bayan kwana uku. A naɗe shi a takarda mai tsabta marar rubutu, ba jarida ba don tawadar na narkewa a mai, a sa a kwali ko kwando a wuri mai iska. Wanda ya bushe da kyau yana wata biyu zuwa uku da rani, shi ya sa matafiya da ɗalibai ke guzurinsa. Da damina a riƙa dubawa duk mako, in ya fara laushi a sake nuna masa garwashi na minti biyu. Wanda ya yi farin gashi ko tabo kore a zubar, kankarewa ba ta wadatar.

Kilo biyun nan in ka auna bayan an gama da wuya ya wuce kilo ɗaya, har da nauyin labun. Ranar da na fara ganin haka na daina yi wa Baba ciniki. Na biyun da na yi na kai masa yanki a takarda, ya ɗaga saitin fitila, ya gutsura, ya tauna ya daɗe, sannan ya miƙa wa na kusa da shi a benci ya ce, "Kanumfari ya yi yawa."